Ladi Kwali: Matar Da Ke Bayan Naira Ashirin

Kwanan baya a Kasuwar Kwastam wani mai kayan miya ya haɗa mini canji da wata tsohuwar Naira ashirin. Fuskar Janar Murtala kowa ya san ta. Amma da na juya bayan takardar na tambayi abokan tafiyata sunan matar da ke gina tukunya, sai aka yi tsit. Dalilin wannan ɗan rubutu ke nan.

Sunanta Ladi Kwali. An haife ta wajajen 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. A hannun wata daga cikin iyayenta mata ta koya. Da hannu take ɗora yumɓu zobe-zobe har randa ta tashi, sannan tun yumɓun bai bushe ba ta zana masa kunama, ƙadangare, kada, hawainiya ko kifi. Wannan zane shi ya fito da ita, har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta a fadarsa.

A fadar ne wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya ga aikinta. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga. Nan ta koyi juya yumɓu a kan na'ura, ta koyi tsoma kwano cikin ruwan yumɓu mai wani launi, ta ƙarce zane a kai da ƙayar beguwa. Sai dai manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda aka koya mata a gida.

Ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Randar ƙauye tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo, iska na busar da shi. Da aka riƙa shafa wa randunan Ladi ruwan ƙyalli irin na tangaran, ana gasa su da wuta mai tsananin zafi, sai ƙofofin jikinsu suka toshe, suka kuma yi nauyi. Ba sa sanyaya ruwa, ba wadda za ta ɗauke su zuwa rafi. Suka zama kayan kallo, aka baje kolinsu a Landan a 1958. A ganina an samu riba, an kuma yi asara, ko da yake ba ita ta tsara hakan ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, alhali ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a Minna a 1984, kuma a 2007 aka sa hotonta a bayan Naira ashirin.