Ranar da Bello Ya Kama Takobi Kan Akwatin Bature

Mai karatu, a ce kai ne Sarkin Musulmi, ga Bature ya ratso Sahara ya zube akwatuna gabanka. Me za ka fara dubawa?

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya isa Sakkwato gun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya baje kayansa: madubin hangen nesa, na'urar auna tsayin rana, da taswirar sama. Yana jiran a riƙe baki. Ina! Sai ga Bello yana bin taswirar, yana kiran buruji da taurari da sunayensu na Larabci, ɗaya bayan ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi a hannun mahaifinsa Shehu da baffansa Abdullahi na Gwandu. Shi kuwa ilmin falakin Larabawa, wani reshensa daga Indiya ya taho: masanin falaki Brahmagupta ya rubuta littafinsa a 628, lissafin Indiyawa ya isa Bagadaza zamanin Halifa Mansur, aka mai da shi Larabci da sunan Sindhind. Amma ba Indiyar malamai ce ke damun Bello ba. Ya ji labarin cewa Ingilishi sun haɗiye ƙasar, har ya faɗa wa baƙon ido da ido.

To, ana cikin kallo sai wani ƙaramin akwati ya ƙi buɗuwa, makullinsa ya ɓata. Clapperton ya nemi wuƙa, aka miƙo ƙarama. Ba tare da tunani ba ya ce a ba shi babba. A gaban sarki fa! Nan take Bello ya cafki takobi, ya zare shi rabi daga kube. Clapperton ya rubuta wai har jikin sarki na rawa, amma wannan faɗar baƙon ce. Kai da za ka tsaya tambayar me zai yi da wuƙar?

Baturen ya yi kamar bai gani ba, ya ɓamɓare murfin, ya mayar da wuƙar. Aka koma kan auna rana.

Da ya dawo a 1826, cikin tsarabarsa har da littafin lissafin Iƙlidis da Larabci. Bello ya yi godiya ƙwarai, sannan ya shaida masa ai gidansu suna da irinsa, wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobarar bara ce ta cinye shi.