Ajele: Maƙabartar Baƙin da Suka Raya Ikko

A tsakiyar tsibirin Ikko, kusa da titin Igbosere da dandalin Campos, akwai wani titi da ake kira Ajele. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu gadi da masu tireda da masu shayi suna ratsa wurin safe da yamma, ba abin da suke gani sai gine-gine da cunkoson motoci. Amma fiye da shekara 100 wannan wuri maƙabarta ne, kuma a cikinta aka binne waɗansu daga cikin mutanen da suka mai da Ikko birni. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, manyan mutanen da aka fi sani a cikinta duk baƙi ne. Daga nesa suka zo neman abinci ko aiki, kamar yadda mu ma muka zo, ajali ya riske su a nan.

Yadda aka fara

A al'adar Yarabawa ta dā, magidanci in ya mutu a cikin gidansa ake binne shi, ko a ɗaki ko a tsakar gida, domin zuriyarsa su zauna tare da kabarinsa. To, wanda ba shi da gidan gado a gari fa? Wannan tambaya ta taso sosai bayan Disamba 1851, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa Ikko wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mai da Akitoye kan gado. Daga nan baƙi suka yi ta kwararowa. Akwai Turawa 'yan kasuwa da 'yan mishan. Akwai Saro, watau 'yantattun bayi da 'ya'yansu da suka komo daga Saliyo. Akwai kuma Aguda, waɗanda suka komo daga Barazil da Kyuba. A 1861 Ingila ta karɓe garin ɗungum, kuma ƙidayar 1866 ta sami mutum wajen 25,000 a cikinsa.

Waɗannan baƙi suna bukatar fili guda na kowa da kowa inda za su kai gawa, kuma daga baya gwamnatin Turawa ta hana binne mutane a cikin gidaje saboda kiwon lafiya. Haka maƙabartu irin na Ajele suka samu. Kalmar Ajele a Yarabanci tana nufin wakilin da sarki ya ajiye a wani gari ya riƙe masa shi, kamar dai Razdan ko Di'o a wurinmu. Sunan ya bi wurin ne saboda ma'aikatan mulkin Ingila da aka binne a can.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Benjamin Campbell, ƙaramin jakadan Ingila a Ikko tun 1853. Mutum ne mai ƙarfin iko a zamaninsa, domin shi ya sa aka kori shahararriyar attajira Madam Tinubu zuwa Abeokuta a 1856. Ya mutu a 1859, aka binne shi a Ajele. Wanda ya gaje shi, George Brand, ya mutu a 1860, na bayansa kuma, Henry Foote, ya bi su a 1861. Jakadu uku ke nan cikin shekara uku a jere. Garin yana cikin fadama da sauro, ga zazzaɓi, ga atuni, ga agana, kuma a lokacin ba a ma gano cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin ba.

Yaron da aka sayar a Ikko

Mafi shahara a cikin waɗanda aka binne a Ajele shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther. A 1821, yana ɗan shekara 12 ko 13, mahara suka faɗa wa garinsu Osogun a ƙasar Oyo, suka kama shi. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya iso Ikko, inda Turawan Fotugal suka saye shi suka loda shi a jirgi. A 1822 sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Saliyo. A can ya yi karatu, ya shiga addinin Kirista, har a 1864 ya zama baƙar fata na farko da cocin Angilikan ta naɗa Bishop.

Crowther ya san Arewa. Ya hau Kogin Kwara a 1841 tare da wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawun Hausa. A 1854 ya shiga Binuwai tare da Likita Baikie. Ya yi aiki a Lakwaja, ya sha zuwa gaida Etsu Masaba a Bida, ya kuma rubuta littafin nahawun Nufanci. Ya mutu a Ikko a ranar 31 ga Disamba 1891 bayan ciwon shanyewar jiki. Garin da ya bari a ɗaure yana yaro, a nan aka binne shi yana dattijo mai daraja.

Surukinsa, Thomas Babington Macaulay, ya riga shi shiga Ajele. An haife shi a Saliyo a 1826, iyayensa Yarabawa ne da aka ƙwato daga jirgin bayi. Shi ne ya buɗe makarantar sakandare ta farko a ƙasar nan, ta 'yan mishan ɗin C.M.S., a watan Yuni 1859, da yara shida kacal. Agana ta kashe shi a 1878. Ɗansa shi ne Herbert Macaulay, ɗan siyasar nan da ciwo ya kama a Kano a 1946 yana cikin rangadin jam'iyyar N.C.N.C., aka komo da shi Ikko ya cika, aka binne shi a maƙabartar Ikoyi.

Wanda ya ba Macaulay fam 50 ya sayi littattafai da kayan fara makarantar, Kyaftin James Davies, shi ma a Ajele ya kwanta. Haifaffen Saliyo ne, yana cikin jirgin yaƙin da ya harbi Ikko a 1851, har ya sami rauni. Daga baya ya zama babban attajiri mai jiragen ruwa, ya auri Sarah Forbes Bonetta, yarinyar nan Bayarabiya da Sarauniya Biktoriya ta ɗauki nauyinta. Ya karye a ciniki, ya koma noma, ya zama cikin na farko da suka shuka koko a wajajen Agege. Ya mutu a 1906.

Namu mutanen fa?

Waɗannan duk suna da suna a kan dutse da cikin littafi. Amma a wannan zamanin akwai waɗansu baƙin a Ikko, kuma daga Arewa suka fito.

Tsofaffin da suka saba bin jirgin ƙasa tsakanin Kano da Ikko sun san Jebba. A nan ne a 1857 wani jirgin ruwa mai suna Dayspring ya daki dutse ya fashe. Crowther yana cikinsa, haka kuma wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover. Wannan hatsari ya sa Glover ya yi tafiya ta ƙasa tsakanin Kwara da Ikko, ya san Hausawa da Nufawa, ya ga juriyarsu. Da ya sami mulkin Ikko, wanda ya riƙe tsakanin 1863 da 1872, har Yarabawa suna kiransa Goloba, sai ya kafa 'yar runduna ta mutanen Arewa. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa. Rundunar sojan Nijeriya daga 1863 take ƙirga shekarunta, kuma a tarihin da take bayarwa da mutum 18 aka fara.

Waɗannan mutane su ne suka yi gadin garin. Sun yi yaƙi a Ikorodu a 1865, an kai su yaƙin Ashanti a ƙasar Gana ta yanzu a 1873 da 1874, sun kuma shiga yaƙin Ijebu a 1892. Waɗanda suka tsira suka yi aure, suka haifu, suka tsufa a Ikko, ƙasar Ikko kuma ta rufe su. Bayansu fatake da 'yan goro da mahauta da 'yan tugun shanu suka biyo, balle da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Annobar marisuwa ta 1918 ta same su a nan, haka ma annobar ɓeraye da ta ɓarke a 1924.

Glover yana da titi a Ikoyi, yana da babban ɗakin taro da sunansa. Sojojinsa kuwa littattafai sun fi ambatonsu a dunƙule, a ce Hausawan Glover, shi ke nan. Ajele galibi ta Kirista ce. Musulmin tsibirin suna da nasu wuraren, irin su Okesuna da Abari, kuma mu duka mun san kabarin Musulmi: tudun ƙasa ne, da itace ko fasassun tukwane, sai ɗan dutse a wajen kai. Damina biyar ta isa ta baje shi. Sunan mamaci a bakin danginsa yake zaune, ba a kan dutse ba. A gida wannan ba ya zama matsala, domin unguwa duka ta san inda kakan wane yake kwance. A baƙunci kuwa, in abokan zaman mutum suka koma gida ko suka mutu, sunansa ya tafi tare da su.

Ranar da aka tone Ajele

A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Legas, aka naɗa Mobolaji Johnson gwamnan soja. A 1971 gwamnatinsa ta ce tana bukatar filin Ajele domin gina ofisoshin jiha, ta ba da sanarwa cewa masu 'yan'uwa a ciki su zo a kwashe ƙasusuwansu. Mutane sun yi kuka, marubuci Wole Soyinka ma yana cikin waɗanda suka yi tir da abin, amma zamanin soja ne, aka tone. Shekara biyar bayan haka, a 1976, aka mai da hedkwatar jihar Ikeja.

Zuriyar Crowther da shugabannin cocin Angilikan sun tsaya tsayin daka a kan nasu. Ba su yarda an yi musu gaggawa ba, sai da suka shirya, sa'an nan aka sake binne shi da babban taro, aka kafa masa dutsen tunawa a babbar cocin da ke Marina. To, amma sanarwa mai dangi take amfana. Matuƙin jirgin da ya zo daga wata ƙasa ya mutu da zazzaɓi, ko bawan da ya komo daga Barazil bai bar ɗa ba, wa zai karanta sanarwar ya zo dominsa?

Ga kuma wani misali a tsibirin nan dai. Oshodi Tapa Banufe ne, ya taso a fadar Ikko har ya zama babban jarumin Sarki Kosoko. Ya bi ubangidansa gudun hijira zuwa Epe, suka komo a 1862, ya zauna a Epetedo. Ya mutu a 1868, aka binne shi a unguwarsa, kuma har yau hasumiyar kabarinsa tana tsaye a titin Oshodi. Shi ma baƙo ne daga Arewa. Abin da ya tsare kabarinsa shi ne zuriya da jama'a da suka zauna a wurin suka ce nasu ne.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa suna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In har za a iya tone Bishop da jakadan Ingila a tsakiyar birni, to maƙabartar zango da ke bayan gari ba ta fi ƙarfin katafila ba. Galibin wuraren da muke binne mutanenmu a Kudu, tun daga Agege har Sabon Ibadan da Shagamu da garuruwan Gabas, daji ne a lokacin da aka same su. Yau gari ya cim musu, fili kuma ya yi tsada. Tun daga dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha a hannun gwamna take, kuma doka ta ba shi ikon karɓe fili in ya ce don amfanin jama'a ne. Alkawarin baka da wani basarake ya yi wa kakanninmu ba zai tsaya a gaban kotu kamar takarda ba.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata kowane Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su duba. Na farko, a nemi takardar mallakar filin maƙabarta da sunan al'umma, ba da sunan mutum guda ba, a kuma sa safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka. Na biyu, a kewaye ta da gini, a riƙa share ta, domin wurin da ciyawa da juji suka cinye shi ake fara kai wa ido. Na uku, kuma shi ne mafi sauƙi, a ajiye littafi a hannun liman ko shugaban masu haƙar kabari. Duk wanda aka kawo a rubuta sunansa da na mahaifinsa, da garinsu, da ranar da aka binne shi, da layin da yake. Kuɗin littafin bai kai na ƙwaryar goro ba.

Amfanin wannan ba sai ranar tonewa ba. Sau nawa yaro yake tasowa daga Katsina ko Azare ko Maraɗi, ya zo neman inda aka binne mahaifinsa da ya tafi ci-rani shekara 20 da suka wuce, a rasa mai nuna masa? Kowannenmu da niyyar komawa gida ya zo, haka ma sojojin Goloba da fataken goro. Waɗansu sun koma, waɗansu kuwa a nan ƙasarsu take. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.