FASHIN BAƘI: Yadda tsadar gidaje ta tilasta wa Kanada rage karɓar baƙi

Shekaru da dama Kanada tana alfahari da cewa ƙofarta a buɗe take. Amma a ranar 24 ga Oktoba, 2024, Firaminista na lokacin, Justin Trudeau, da ministan shige da fice, Marc Miller, suka sanar da sauya akala. Maimakon mutum 500,000 da aka tsara bai wa izinin zama na dindindin a 2025, shirin da suka sanar a lokacin ya rage adadin zuwa 395,000, sannan 380,000 a 2026, da 365,000 a 2027. Babban dalilin wannan mataki shi ne matsalar muhalli.

Yadda jama'a suka ƙaru

A 2023 yawan al'ummar Kanada ya haura miliyan 40. A wannan shekara kaɗai an samu ƙarin mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wato kashi 3.2 cikin ɗari, saurin da ba a taɓa gani ba tun 1957. Kusan dukkan ƙarin daga ƙetare ya fito, kuma mafi yawansa ba masu zaman dindindin ba ne. Mazauna na wucin gadi ne: ɗalibai, ma'aikata masu izini na ɗan lokaci, da masu neman mafaka. Har zuwa lokacin gwamnati ba ta sanya wa wannan rukuni iyaka ba.

A shekarar an fara ginin gidaje kusan 240,000 ne kawai. Hukumar gidaje ta ƙasar, CMHC, ta ce gidajen hayar da babu kowa a ciki sun ragu zuwa kashi 1.5 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta tun da ta fara wannan ƙididdiga a 1988, yayin da kuɗin haya ya tashi da kashi 8. Matasan Toronto da Vancouver ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Abin da ɓangarorin biyu ke cewa

Masu neman a rage sun ce lissafin a fili yake: an shigo da mutane da saurin da magina ba za su iya kamowa ba. Jagoran jam'iyyar Conservative, Pierre Poilievre, ya yi alƙawarin ɗaure adadin baƙi da yawan gidajen da ake ginawa. Wani binciken jin ra'ayi na cibiyar Environics a 2024 ya nuna kashi 58 na ganin baƙin sun yi yawa.

Ɗaya ɓangaren kuwa na ganin an mayar da baƙo saniyar ware. Hujjarsu ita ce ƙarancin gidaje ya girmi wannan kwarara. Gwamnatin tarayya ta janye daga ɗaukar nauyin sabbin gidajen masu ƙaramin ƙarfi tun 1993. Dokokin birane da yawa sun daɗe suna hana gina benaye a unguwannin da aka ware wa gidan iyali ɗaya. Sannan Babban Bankin Kanada ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.25 zuwa 5 tsakanin Maris 2022 da Yuli 2023, abin da ya tsadar da bashin gini da na sayen gida. Suna kuma tunatar da cewa haihuwa ta ragu, jama'a na tsufa, kuma asibitoci da wuraren gini sun dogara da baƙi.

Akwai kuma matsalar rabon iko. Tarayya ce ke ba da biza, larduna ke kula da kwalejoji, hukumomin birane ke ba da izinin gini. A lardin Ontario, bayan an rage kuɗin makarantar 'yan ƙasa a 2019 aka kuma hana ƙara shi, kwalejoji suka koma cike giɓin da ɗaliban ƙetare masu biyan ninkin-ba-ninkin, ba tare da an tanadar musu ɗakuna ba.

Yadda abin ya shafi 'yan Najeriya

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi tura ɗalibai da masu zaman dindindin zuwa Kanada. A Janairu 2024, kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna kafin a ba shi biza ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. A watan ne kuma aka ƙayyade yawan takardun izinin karatu, aka rage su da kusan kashi 35. Ga matashin da ke tara naira, hanya ta ƙara tsauri.

Mark Carney, wanda ya gaji Trudeau a Maris 2025, ya ci gaba da taƙaita baƙi, ya kuma yi alƙawarin ninka gini zuwa gida 500,000 a shekara. A 2023 CMHC ta ƙiyasta cewa ana buƙatar ƙarin gidaje miliyan 3.5 kafin 2030, a kan waɗanda ake sa ran ginawa, idan ana son farashi ya dawo daidai aljihun jama'a. Rage biza sa hannu ɗaya yake buƙata. Gina waɗannan gidaje kuwa sai an samu fili, kuɗi da ma'aikata, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan baƙi ne.