Koyar da Ilimin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Makarantun Bakin Tafkin Kainji

Gabatarwa

A shekarar 1968 aka kammala gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, wadda aka tsara domin ta samar da megawat 960 na wutar lantarki. Tafkin da ya taru a bayanta ya miƙa har ƙasar Yawuri, ya kuma sa aka tashi garuruwa da ƙauyuka masu yawa zuwa sababbin matsugunai. Duk da wannan kusanci, makarantu da dama a ƙauyukan Yawuri da Ngaski da Shanga ba su da tsayayyar wuta, balle ɗakin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Wannan maƙala za ta duba abin da malami zai iya koyarwa a irin wannan hali, da kuma irin horon da yake bukata.

Dalilin damuwa

Tun a shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da ilimin kwamfuta a makarantu. Amma al'amarin ya fi tsananta a shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta daina amfani da takarda, ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Ke nan ɗalibi daga Wara ko Shanga, komai ƙoƙarinsa a lissafi da kimiyya, dole ne ya zauna gaban na'urar kafin ya sami gurbi a jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi. Idan ranar ce ya fara taɓa ta, fargaba kaɗai tana iya cinye masa lokaci.

Ilimi iri biyu

Ya kamata a bambance abubuwa biyu da akan haɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne iya sarrafa na'urar, kamar kunna ta da buga rubutu da adana shi da neman bayani a intanet. Na biyu shi ne kimiyyar kwamfuta, wato sanin yadda ake wakiltar bayani da lambobi da yadda ake tsara matakan warware matsala. Na farko ba ya kammaluwa sai an taɓa na'urar. Na biyu kuwa ana iya fara shi da allo da alli, kamar yadda Tim Bell na Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand da abokan aikinsa suka nuna tun cikin shekarun 1990.

Misali na farko: ƙirga da lamba biyu

Kwamfuta ba ta san komai ba sai hali biyu, akwai wuta ko babu, waɗanda ake rubutawa 1 da 0. Malami zai yanka kwali biyar, ya ɗiga ɗigo 16 a na farko, sannan 8, 4, 2 da 1 a sauran, ya ba ɗalibai biyar su riƙe a jere. Kwalin da aka nuna fuskarsa shi ne 1, wanda aka juya bayansa kuma 0. Idan ana son 13, sai a nuna masu ɗigo 8 da 4 da 1, a juya sauran, a rubuta 01101. Da kwalayen nan biyar ana iya ƙirgawa daga 0 har 31. Ta haka ne na'urar take adana haruffa ma, domin a wurinta harafin A lamba 65 ce.

Misali na biyu: tsararrun matakai

Kalmar algoridim ta samo asali ne daga sunan Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ma'anarta kuwa jerin matakan da idan aka bi su daki-daki za a kai ga amsa. Mai sayar da kifi a kasuwar Yawuri da yake ware manya da matsakaita da ƙanana, kowanne a kwandonsa, irin wannan tsari yake bi. A aji, wani ɗalibi zai riƙe wata lamba a ransa tsakanin 1 da 100. Mai cankar ta ɗaya bayan ɗaya yana iya yin tambaya 100. Amma wanda ya fara da 50, ya tambaya ko ta fi ko ba ta kai ba, yana raba abin da ya saura gida biyu kowane lokaci, ba zai wuce tambaya 7 ba. Ko da lambobin sun kai 1,000, tambaya 10 ta isa. Da irin wannan dabara kwamfuta take gano suna ɗaya a cikin jerin miliyoyi da aka tsara.

Horar da malamai

Hausawa na cewa kowa ya yi da kyau zai ga da kyau, kuma a nan kyawun aiki daga malami yake farawa. Malamin da aka koya wa haddar sunayen sassan kwamfuta kawai, haddar zai koyar. Saboda haka ya dace cibiyoyin da ke yaye masu takardar NCE, irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, su tabbatar kowane ɗalibinsu ya sarrafa na'urar da hannunsa, ya kuma iya darussan kwali da alli. Haka nan ya iya bayani da harshen da yaro ya fi ganewa, domin a wannan yanki akwai Kambari da Gungawa da Shangawa waɗanda Hausa ma harshe na biyu ce a gare su.

Kammalawa

Darasin kwali ba ya ɗauke bukatar na'urar. Amma kafin ta samu, malami yana iya zana allon madannai a kan kwali daidai girmansa, ɗalibai su san inda A, B, C da D suke, waɗanda da su ake zaɓen amsa a jarrabawar JAMB. Kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da farantin hasken rana sun isa a juya aji rukuni-rukuni. Makarantun da ke kusa da juna kuma suna iya haɗa kai su riƙa kai 'yan ajin ƙarshe wata cibiya a garin Yelwa su gwada hannunsu, watanni kafin ranar jarrabawa.