Yawon Amarci Daga Sabon Ibadan Zuwa Arewa: Gandayen Dajin Da Ke Kan Hanya Da Waɗanda Ake Iya Shiga

A unguwar Sabo da ke birnin Ibadan, kamar sauran zangunan Hausawa na kudu, aure ba ya cika sai an kai amarya gida ta gaida dangi. Ango na iya kasancewa haifaffen Ibadan, mahaifinsa ma haka, Yarabanci a bakinsa kamar Hausa, amma akwai wata gwaggo a Kano ko wani baffa a Katsina ko Bauchi da bai samu zuwa ɗaurin aure ba, kuma rashin kai masa amarya abin magana ne a cikin zuri'a. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yadda wasu matasa masu motar kansu ke son mayar da wannan tafiya ta zumunci yawon amarci, su tsaya a birane da gandayen daji maimakon su kwana cikin motar haya daga tashar Ojoo har Kano.

Tunanin ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato. Abin da Larabawa ke kira shahrul asal, wato watan zuma, a Ingila ta ƙarni na 19 ya fara ne da tafiyar da ma'aurata masu hali ke yi don ziyartar dangin da ba su halarci biki ba. Daga baya ne aka cire dangin aka bar shaƙatawar. A ƙasar Hausa kuwa addini ya riga ya keɓe wa amarya kwanakinta, bakwai ga budurwa, uku ga bazawara, sai dai a al'ada kwanakin na cikin ɗaki ne, tare da sayen baki da buɗar kai da 'yan ganin ɗaki. Saboda haka tafiyar takan biyo bayan waɗannan, ba ta maye gurbinsu ba.

Ita kanta Sabo ɗiyar hanya ce. An kafa ta a 1916, 'yan shekaru bayan layin dogo da ya iso Ibadan a 1901 ya haɗe da Kano, kuma arzikinta ya ginu ne a kan shanun da ake gangarowa da su kudu da goron da ake haurawa da shi arewa. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda fatake da masu masauki suka riƙe wannan ciniki. Angon da ya ɗauki amaryarsa ya nufi arewa a yau, sawun kakanninsa yake bi, ko da bai sani ba.

Cikin tsofaffin gandayen dajin ƙasa, mafi kusa da Ibadan shi ne na Tsohuwar Oyo, mai faɗin murabba'in kilomita 2,512, wanda hedikwatarsa ke garin Oyo, tafiyar kimanin sa'a ɗaya daga Sabo. Wanda ya je don ganin namun daji kaɗai ba lalle ya gamsu ba, domin farauta da kiwo da sarar itace sun rage su ƙwarai. Darajar wurin tana cikin tarihinsa. A can arewacin gandun ne kangon Oyo-Ile yake, babban birnin daular Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga, sunan da ake dangantawa da katangun da suka kewaye shi. Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a birnin a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, kuma kimanin shekara goma bayan haka mutanen garin suka watse sakamakon yaƙe-yaƙe da Ilori. Har yanzu ana ganin ragowar ganuwa da duwatsun niƙa da tukwane. Akwai masaukin baƙi na Akoto a Sepeteri, akwai kuma madatsar ruwan Ikere a kan kogin Ogun kusa da Iseyin, garin masaƙa, inda amarya za ta iya sayen saƙin Yarabawa daga hannun mai saƙa shi. Kangon yana can ƙuryar daji, nesa da kwalta, kuma ba a shiga sai da izinin hukuma da rakiyar jami'an gandun. Dazukan yankin Oke-Ogun ba su tsira daga masu garkuwa da mutane ba, don haka tambaya a hedikwata kafin a kama hanya wajibi ce.

Daga nan ne ake fuskantar babban zaɓi na tafiyar. Hanyoyi biyu ne ke kai mai mota arewa daga Ibadan.

Ta farko ita ce tsohuwar hanyar fatake: Oyo, Ogbomoso, Ilori, Jebba, Mokwa. A taswira ita ce mafi jan hankali, domin daga Mokwa ake ratsewa zuwa Sabuwar Busa da gandun dajin Tafkin Kainji, wanda shi ne gandun dajin ƙasa na farko a Najeriya. An kafa shi a 1979 ta hanyar haɗe dazukan Borgu da Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300, kuma yana maƙwabtaka da madatsar ruwan Kainji da aka kammala a 1968, wadda ruwanta ya shanye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya rasa ransa a 1806. A da, masaukin bakin kogin Oli na cikin wuraren da aka fi ganin dorina da gwanki da ɓauna a ƙasar nan. Yau labarin ya sha bamban. Wani rahoto da cibiyar bincike ta Clingendael ta ƙasar Holan ta fitar a 2024 ya nuna cewa 'yan bindiga masu alaƙa da ƙungiyoyin yankin Sahel sun samu mafaka a dajin ta iyakar Jamhuriyar Benin, kuma ƙauyukan Borgu da Kaiama sun sha hare-hare. Ba wurin kai amarya ba ne a halin yanzu. Haka ma gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, a kan hanyar Tegina zuwa Kaduna, wanda shekaru da dama ke nan sunansa ya fi fitowa a labaran 'yan fashin daji. Masu bin wannan hanya sukan karkata daga Mokwa zuwa Bida su ɓullo Suleja, amma manyan motoci sun cinye kwaltar, kuma ambaliyar da ta auka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta hallaka mutane fiye da 150, ta nuna yadda damina guda kan iya yanke arewa daga kudu maso yamma.

Hanya ta biyu ta bi ta Ife, Akure, Owo, Okene da Lokoja zuwa Abuja. Babu gandun dajin ƙasa a bakinta, amma ta fi yawan wuraren tsayawa. Ɗan ratse kaɗan daga Ife zai kai matafiyi kurmin Osun da ke Osogbo, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Gaba da Ilesa akwai magangarar ruwan Erin-Ijesha, kusa da Akure kuma akwai duwatsun Idanre, masu matakala ɗaruruwa da ba kowace amarya mai sabon lalle za ta yarda ta hau ba. Wannan hanya ma tana da wuraren da ake ɗar-ɗar, musamman tsakanin Owo da Okene da Lokoja, inda aka sha tare matafiya. Direbobin da suka saba da ita kan tashi da asuba domin su wuce wuraren da rana tsaka.

Lokoja ta cancanci kwana ɗaya, ba don mahaɗar kogin Neja da Binuwai kawai ba, wadda ake hangowa daga saman dutsen Patti. A nan ne Turawan mulkin mallaka suka tsare sarakunan arewa da suka tuɓe, kuma a nan wasunsu suka rasu, ciki har da Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mawallafin waƙoƙin da ake karantawa a makarantu har yau. Kaburburansu suna cikin garin. Ga ma'auratan da aka haifa a Ibadan, waɗanda suka san tarihin arewa daga bakin tsofaffi kawai, tsayawa a yi wa waɗannan bayin Allah addu'a yana da nauyin da kallon ruwa ba shi da shi.

Daga Abuja, bayan dutsen Zuma da magangarar ruwan Gurara ga mai lokaci, hanya ta miƙe ta Keffi da Akwanga ta hau tsaunin Filato. Jos gari ne mai sanyi, da gidan tarihin da aka buɗe a 1952 da gidan namun daji, kuma daga can zuwa Bauchi tafiyar kimanin kilomita 130 ce. A Bauchi akwai kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan sai abin da galibi shi ne maƙasudin tafiyar, wato Yankari.

Mutane da yawa na kiran Yankari gandun dajin ƙasa, amma a hukumance ba ya cikinsu yanzu. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ta mayar wa jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Ana bin hanyar Gombe daga Bauchi, a ratse a Dindima, a isa ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga nan kuma a ci gaba da tafiya cikin daji har sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke. Abin da ya ɗaukaka sunan wurin shi ne maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, wanda ɗuminsa ke tsaye a kan maki 31 a ma'aunin zafi dare da rana, rani da damina. Yankari kuma na riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka saura a Najeriya, waɗanda aka ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba.

Ganin giwa sa'a ce, ba alkawari ba, kuma lokacin zuwa shi ne rabin sa'ar. Da rani, tun daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji don shan ruwa, sai ganinsu ya yi sauƙi. Da damina daji ya yi duhu, kowace dabba ta samu ruwa a inda take. Ana fita kallon ne a motar gandun tare da ɗan rakiya, da sassafe ko da la'asar. Waɗanda ba a nemansu su ne birai da gadu, domin su ne ke yawo a tsakar sansanin. Biran Wikki sun ƙware wajen buɗe ƙofa da fizge leda, kuma ba su san alfarmar amarya ba. Duk wanda ya bar tagar mota a buɗe da dambun nama ko dubulan ɗin gara a ciki, ya yi sadaka. Ma'auratan da ke kunyar shiga ruwa cikin jama'a sukan zaɓi ranakun aiki da sanyin safiya, su kauce wa hutun Sallah da na ƙarshen shekara, lokacin da wurin ke cika maƙil.

Mai sauran kuɗi da kwanaki zai iya nausawa Taraba, zuwa Gashaka-Gumti, gandun dajin ƙasa mafi girma, mai hedikwata a Serti a gindin tsaunin Mambila, inda Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419. Tafiya ce ta daban, mai buƙatar mota mai ƙarfi. Galibi daga Bauchi ake juyawa ta Ningi da Birnin Kudu zuwa Kano, inda dangi ke jira, kuma a nan yawon amarci ke komawa gaisuwar surukai.

A hukumance gandayen dajin ƙasa bakwai ne suka daɗe a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa: Tafkin Kainji, Tsohuwar Oyo, Gashaka-Gumti, Kamuku, Tafkin Chadi, Okomu da Kuros Riba. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin guda goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina da fadamun Haɗejiya a Jigawa. Ƙarin suna a takarda bai samar da masauki ko tsaro ba, kuma a cikin duk waɗanda ke tsakanin Ibadan da Kano, kaɗan ne iyali za su shiga hankali kwance.

Sai batun kuɗi. Tafiyar zuwa kaɗai ta wannan zagaye ta haura kilomita 1,300, ban da ratse-ratse. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ango da ya gama da lefe da sadaki da kuɗin haya ya kamata ya lissafa man zuwa da dawowa, kwana biyar ko shida a otal, da ajiyar gyaran mota, kafin ya yi wa amarya alkawarin ganin giwa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta ƙayyade gudun ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwaye a kan kilomita 100 cikin sa'a, tana yawan gargaɗi a kan tafiyar dare, kuma lambar kiran gaggawarta ita ce 122. Takardar shaidar aure daga masallaci ko kotu na da amfani a aljihu, domin a wasu masaukai da shingayen bincike akan tambayi matashi matsayin macen da ke tare da shi. Sallah kuwa ta zo da sauƙi: a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ta halatta ƙasaru, matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, don haka tun kafin su isa Akure ango da amarya matafiya ne, kuma hukuncin zama zai dawo musu ne idan sun sauka gidan dangi a Kano da niyyar yin mako.