Imel ko Kai-tsaye: Yadda Lokaci ke Raba Kan Masu Wasannin Dabara

A shekarar 1824 ƙungiyar masu wasan darar Turawa, wato chess, ta birnin Edinburgh ta ƙulla karawa da takwararta ta Landan ba tare da sun zauna a teburi ɗaya ba. Kowane ɓangare kan rubuta takun da ya yi a wasiƙa, gidan waya ya kai wa abokin hamayya. Sai a 1828 aka kammala, Edinburgh ta yi nasara. A wasa na biyu, 'yan Landan sun gano sun tafka kuskure bayan sun riga sun jefa wasiƙarsu. Suka nemi gidan waya ya dawo musu da ita, aka ƙi. Edinburgh ma ta dage cewa abin da aka rubuta shi ke nan, magana zarar bunu ce.

Shekara 196 bayan haka, a watan Agustan 2020, Indiya da Rasha suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar ƙasashe ta chess, wadda annobar korona ta sa aka gudanar ta intanet. Ana tsakiyar fafatawa intanet ya katse wa 'yan Indiya biyu, Nihal Sarin da Divya Deshmukh, agogonsu ya ci gaba da tafiya har lokacinsu ya ƙare. Bayan Indiya ta ɗaukaka ƙara, hukumar FIDE ta bai wa ƙasashen biyu lambar zinare tare.

Waɗannan labarai biyu sun nuna hanyoyi biyu da ake yin wasannin dabara na karɓa-karɓa, waɗanda kowa ke jiran layi ya zo kansa kafin ya taka, kamar yadda ake yi a dara. Ko dai a yi ta aike, kowa ya taka sa'ad da ya samu sarari, ko kuwa a haɗu kai-tsaye a lokaci guda. Wasan ɗaya ne, amma abin da kowace hanya ke nema daga ɗan wasa ya sha bamban.

Daga ambulan zuwa imel

Wasan da ya fi buɗe wa tsarin aike ƙofa shi ne Diplomacy, wanda Ba'amurke Allan Calhamer ya fitar kasuwa a 1959. Mutum bakwai ne ke riƙe da manyan ƙasashen Turai na gabanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna ƙulla ƙawance suna warwarewa. Tara mutum bakwai na tsawon yini guda ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa a 1963 John Boardman ya fara shirya wasan ta gidan waya a 'yar mujallarsa mai suna Graustark. A 1970 kuma Rick Loomis ya mayar da wasa ta wasiƙa sana'a, abin da ya haifar da kamfanin Flying Buffalo.

Da kwamfuta ta shiga gidaje, sai fayil ya maye gurbin takarda. Ɗan wasa zai motsa rundunoninsa, ya gina biranensa, manhajar ta adana halin da wasan yake ciki, ya tura fayil ɗin ta imel ga na gaba da shi. A wasu wasannin, irin su VGA Planets na 1992, kowa kan tura umarninsa ga mai masauki guda, kwamfutarsa ta zartar da su baki ɗaya, sannan ta mayar wa kowa da sakamako. Civilization IV, wanda ya fito a 2005, ya zo da tsarin imel a cikinsa. A 2019 aka ƙara wa Civilization VI tsarin Play by Cloud, inda fayil ɗin ke zama a rumbun intanet, a sanar da mutum idan layi ya zo kansa.

Abin da kai-tsaye ke bayarwa

Babbar fa'idar karawar kai-tsaye ita ce ana ganin ƙarshenta. Abokai za su zauna da yamma, kafin dare ya raba an san wanda ya yi rinjaye ko an ci rabin tafiya. Akwai raha, akwai zolaya, akwai zumuɗin ganin abokin hamayya ya faɗa tarko a gaban idonka.

Sai dai saurin na da farashi. Don kada mutum biyar su zauna suna kallon ɗaya, wasanni irin su Civilization kan bar kowa ya taka a lokaci guda, a kuma saka agogo. A nan ne wasan tunani ke rikiɗewa ya koma na zafin nama: idan rundunoni biyu suka yi kiciɓis, wanda ya riga danna maɓalli shi ke fara kai hari, ko da kuwa shirin ɗayan ya fi nasa kyau. Masu ƙera wasan sun ga matsalar, shi ya sa suka samar da tsarin da ake takawa tare a lokacin zaman lafiya, a koma bi-da-bi idan yaƙi ya ɓarke. Haka kuma, idan intanet ya katse wa mutum ɗaya, ko dai sauran su jira shi, ko kwamfuta ta karɓi ragamar ƙasarsa ta yi abin da ta ga dama da ita.

Lissafin haƙuri

Tsarin aike kuwa na bai wa mutum damar kwana da matsala kafin ya yanke hukunci. Zai iya nazarin taswira, ya rubuta wa wani ɗan wasa doguwar wasiƙar neman ƙawance, ya auna kalmomin amsar da aka ba shi. Shi ya sa manyan wasannin yaƙi suka fi zama daram a nan. War in the Pacific: Admiral's Edition na 2009 yana bin yaƙin tekun Pasifik tun daga Disamban 1941, zagaye guda na iya zama kwana ɗaya na yaƙin, kuma mutum biyu kan shafe shekaru suna musayar fayil kafin su kammala.

Amma lissafin na da ban tsoro. Cikakken wasan Civilization VI a saurinsa na yau da kullum zagaye 500 ne. Idan ana kammala zagaye ɗaya kowace rana, za a kwashe fiye da shekara ɗaya da wata huɗu. Idan kuma 'yan wasa shida ne, kowa ya riƙe fayil ɗin yini guda, kwana 3,000 ke nan, sama da shekara takwas. A irin wannan tsawon lokaci wani zai yi aure, wani zai sauya wurin aiki, wani kuma zai ga alamar shan kaye ya yi shiru. Mutum ɗaya ya daina amsawa, wahalar da sauran suka sha na watanni ta tafi a banza.

Batun amana

Wanda fayil ke hannunsa babu mai ganinsa. Zai iya kai hari, idan bai yi nasara ba ya sake buɗe fayil ɗin ya gwada wata dabara, sai ya samu yadda yake so sannan ya tura. Ajiye wasan a rumbun kamfani na rage wannan maguɗi, amma bai hana mai wasan chess tambayar manhaja a ɓoye ba.

Hukumomi sun rabu a kan mafita. Hukumar chess ta wasiƙa ta duniya, ICCF, wadda aka kafa a 1951, ba ta haramta amfani da manhajar lissafin taku ba, kuma sakamakon haka shi ne mafi yawan wasannin manyan gwanayenta na ƙarewa ne da kunnen doki. Shafukan Lichess da Chess.com kuwa sun yarda mai wasan aike ya duba littattafan buɗe wasa, amma sun haramta manhajar, suna kuma rufe asusun wanda suka kama.

Ina ɗan Najeriya ya dosa?

Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, zaɓin ya wuce batun sha'awa. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta jefa Najeriya da maƙwabtanta na Yammacin Afirka cikin matsalar sadarwa ta kwanaki. Duk mai karawar kai-tsaye a wannan rana yana cikin haɗarin abin da ya samu 'yan Indiya, kuma babu wata hukuma da za ta saurari ƙararsa. Mai wasan aike kuwa, wanda Lichess da Chess.com ke iya bai wa har kwana 14 a kan taku guda, yana da sararin jira har layi ya dawo. Bambancin sa'o'i ma ba ya hana ma'aikaci a Abuja karawa da ɗan'uwansa da ke karatu a Malesiya.

Masu son gwadawa za su fi cin riba idan suka fara da mutum biyu ko uku da suka san juna, a ƙaramar taswira, da wasa mai gajeren zango. Ya kamata kuma tun kafin takun farko a amince a kan wa'adin kowane zagaye, da wanda zai gaji kujerar duk wanda ya ɓace, domin a tsarin aike rashin amsa ya fi shan kaye saurin kashe wasa.