Haruffan Bayan Mota Ba Ado Kaɗai Ba Ne

Manomin Zabarmari, a ƙaramar hukumar Jere, idan ya sayar da shinkafarsa ya shiga Maiduguri neman tsohuwar mota, ƙarar inji yake saurara, sa'an nan ya bubbuga taya. Da wuya ya zagaya baya ya dubi haruffan sunanta, alhali kuwa su kan tona abin da dillali ya ɓoye.

A masana'anta da ma'auni ake jera su. Saboda haka harafin da ya karkace, ko tazarar da ta bambanta, galibi shaida ce an taɓa bugun motar daga baya, an gyara, an sake fenti.

Gwanin mai fenti ba ya barin wannan shaida. Kafin ya cire tsofaffin haruffa, sai ya shimfiɗa salatif a ƙarƙashinsu, ya yi wa kowanne alamar gurbinsa. Ya ɗumama gam, ya yanke shi da zare, gama wuƙa takan kankare fenti. Ya goge wurin tas, don ƙurar Barno ba ta barin sabon gam ya kama. Mai gaggawa kuwa da ido yake awo.

Manyan kamfanoni ma ba sa wasa da lamarin. A 1963 kamfanin Porsche na Jamus ya nuna motarsa mai gudu, 901. Peugeot, wanda aka fara harhaɗa motocinsa a Kaduna a 1975, ya ce a Faransa lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce. A 1964, bayan ƙera guda 82, aka ɗauke sifilin aka sa 1, ta zama 911.